KALMAR AMANA A TARIHIN SAKKWATO

Cikin kalmomin da Bahaushe ke furtawa kullum, da wuya a sami wadda ta kai amana nauyi. Duk wanda ya zauna a Arkilla, ko wata unguwa ta Sakkwato, ya kasa kunne tun safe har dare, zai ji ta a bakin mutane ta fuska dabam dabam. Mai shirin tafiya ya kan ce wa maƙwabcinsa, "Ga gida nan na bar maka amana." Masu kai amarya su ce wa dangin ango, "Ga amana nan mun kawo muku." Mai kanti ya yabi yaronsa ya ce, "Yaron nan yana da amana." Wanda aka cuta kuwa ya ce, "Wane ya ci amanata." Kalmar ɗaya ce, amma ta farko tana nufin tsaro, ta biyu riƙo, ta uku hali, ta huɗu kuwa yarda ce da aka tozarta.

Asalin kalmar Larabci ne. Daga tushenta aka sami imani, da mumini, da aminci, da amini, har da sunayen da mu ke raɗa wa 'ya'yanmu, Aminu da Amina. Ma'anar tushen nan ita ce kwanciyar rai, watau mutum ya saki jiki da wani, ba ya tsoron cuta daga gare shi. Saboda haka ko'ina aka ambaci amana za a tarad da abu uku: mai bayarwa, da mai karɓa, da wani abu mai daraja da aka sa a hannun mai karɓa inda idon mai shi ba ya kaiwa.

To, bari mu duba yadda mutanen da suka yi aiki da kalmar nan a ƙasar Sakkwato. Za mu ga ba kullum ne rigima ke tashi tsakanin mai amana da maci amana ba. Sau da yawa mutum biyu ne, kowa na ganin shi ke riƙe da ita, ɗan'uwansa ne ya ci.

AMANAR AJIYA

Ma'ana ta farko, wadda ko yaro ya sani, ita ce ajiya. Tun kafin a aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutanen Makka ke kiransa Al'aminu, suna kai masa kayansu ajiya. Da zai yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, sai ya bar Sayyadina Aliyu a baya don ya mayar wa kowa da kayansa, alhali kuwa garin cike ya ke da masu neman ransa. Daga nan malamai suka koya mana cewa ajiya ba ta faɗuwa don mai ita ya zama maƙiyi.

A kan wannan irin amana fatauci ya tsaya a ƙasar Hausa. Fatake su kan tashi da jakai da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da jar fata, su bi ta Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, har Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayo goro. Tafiya ce ta watanni. Babu banki a hanya, babu rasit. Attajiri ya ba falke dukiya ya zauna gida yana jira. Falke ya damƙa ransa a hannun madugu. In an sauka wani gari, ya damƙa kayansa a hannun maigidan da ya sauke shi, shi ne zai ajiye, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya kan riga shi isa zango na gaba, ba mai sāke ba shi ko ƙwarya guda ta goro. Abin da ya sa a ke cewa kowa ya ci amana, amana za ta ci shi ke nan.

AMANAR SARAUTA

Ma'ana ta biyu ita ce abin da ke tsakanin shugaba da jama'arsa. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiyar ba. Maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan sarƙa, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amsa masa duka. Amma bayan rasuwar Bawa, sai Sarki Nafata ya hana ɗaura rawani da sa lulluɓi, ya ce kowa ya zauna kan addinin da ya gāda. A zamanin Yunfa kuma aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami hari a Gimbana. Jama'ar Shehu suka ga amincin da ke tsakaninsu da Gobir ya warware, suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, ƙanensa Abdullahi ya fara, sa'an nan ɗansa Muhammadu Bello. Mubaya'a kuwa igiya ce mai baki biyu. Mabiyi ya ɗauki alkawarin biyayya, shugaba ya ɗauki alkawarin adalci. A nan ne biyayya ta bambanta da amana. Biyayya daga ƙasa ta ke zuwa sama kaɗai, amana kuwa tana kan sarki kamar yadda ta ke kan talaka, ta sarki ma ta fi nauyi. Wannan ne ya dami Malam Abdullahi wajen 1807, sa'ad da ya ga waɗansu manyan jama'a sun karkata ga tara dawaki da riguna da bayi. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanenta suka tsai da shi, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke riƙon jama'a bisa shari'a, daga baya ya komo gida.

Shi kuwa Abdussalami, wanda a kan jama'arsa wutar ta fara kamawa, ƙarshensa abin tausayi ne. An zaunad da shi a Kware, arewa da Sakkwato. Ya yi kukan cewa an raba ƙasa tsakanin manya an bar shi da kaɗan, kuma ana zaluntar mutanen da aka ba aminci. Da Shehu ya rasu a 1817, ya yi wa Bello mubaya'a, daga baya ya janye, ya haɗa kai da waɗanda Sakkwato ke yaƙi da su. Suka yi ta musayar takardu, kowa na kafa hujja. Bello na cewa ya warware mubaya'a, shi kuwa yana cewa ba a cika adalcin da aka yi mubaya'ar dominsa ba. A farkon 1818 aka ci Kware, ya gudu da rauni, ya rasu a Bakura. Bello da kansa ya tattara labarin cikin littafinsa Sardul Kalami, har da maganganun abokin jayayyarsa. Wannan ma wani irin riƙon amana ne, domin ba don ya rubuta ba, da ba mu ji ta bakin Abdussalami ba.

AMANAR ƘASA DA ƘASA

Ma'ana ta uku yanzu ta kusa ɓacewa daga bakin mutane. A zamanin daular Sakkwato, in aka ce gari kaza yana da amana, ana nufin mutanensa ba Musulmi ba ne, ko kuwa ba su ƙarƙashin sarki sosai, amma an yi sharaɗi da su. Su kawo gaisuwa ko jiziya ko wace shekara, su bar fatake su wuce lafiya, shi kuwa sarki ya hana a kai musu hari ko a kama su bayi. Sarakunan Bauchi da Zazzau sun yi irin wannan da ƙabilu da yawa na kudancin ƙasashensu. Sarkin da ya kai hari garin amana don kwaɗayin bayi, a shari'a shi ne mai laifi.

Tsakanin Sakkwato da Kabi an ga yadda kalmar ke da fuska biyu. Bayan an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, an kawo ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekaru a hannun Sarkin Musulmi. Daga baya Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yarda da shi, ya bar shi ya koma ƙasarsu. A 1849 Nabame ya ɗaga tutar Kabi, Kabawa da Arawa da Zabarmawa suka bi shi, Argungu ta tsaya da ƙafarta. A Sakkwato aka ce ya ci amanar wanda ya sake shi. A Argungu kuwa aka ce ya riƙe amanar ubansa. An yi sulhu a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda a ke kira Lafiyar Toga, ya yi 'yan shekaru ya warware. Gabar ba ta mutu sarai ba sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi. Daga wannan ziyara ce bikin nan da ya shahara a duniya ya samo asali.

AMANAR BAƘO DA TA MANZO

A 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato. Sarkin Musulmi Bello ya karɓe shi da girmamawa, ya sa Waziri Giɗaɗo ya lura da shi, suka yi ta zance a kan ciniki da ilmin taurari da addini, suka rabu lafiya. Ya komo a 1826 ɗauke da kyautai, amma cikin kayansa akwai takarda da makamai da aka ba shi ya kai wa Shehun Barno, Muhammadu El-Kanemi. A lokacin nan kuwa yaƙi ya tashi tsakanin Barno da Sakkwato, rundunar Barno ta doshi ƙasar Kano.

Bello ya ce a kawo takardar da makaman. Clapperton ya ƙi, ya ce shi manzo ne, saƙon da aka ba shi ba zai miƙa wa wani ba sai mai shi. Aka karɓe su ba da son ransa ba. Ya yi fushi ƙwarai, ya ce an ci amanar baƙo. To, jama'a, wa ke da gaskiya? Manzo ya riƙe amanar wanda ya aiko shi, ba a ce ya yi laifi ba. Sarki kuwa yana da amanar dubban talakawa a wuyansa, in ya bar bindiga ta ratsa ƙasarsa zuwa hannun mai yaƙi da shi, me zai gaya musu? Bello bai taɓa lafiyar baƙon ba, bai kuwa bar makaman sun wuce ba.

Clapperton ya kwanta ciwo ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Baransa, wani saurayi mai suna Richard Lander, shi ya yi jinyarsa, ya binne shi, ya kwashe takardunsa, ya bi hanya har bakin teku a Badagiri, ya isa da su Ingila a 1828, aka buga su littafi. Ba mai ganinsa a hanya, da ya watsar da su ya tsira da ransa da ba mai tuhumarsa. Wannan ita ce amanar bara ga ubangidansa.

AMANAR ALƘALAMI

Akwai wata ma'ana da ta shafi duk mai karatu, watau mutum ya ɗauko magana daga wani baki ko wani harshe ya kai ta wani, bai ƙara ba, bai rage ba. Ita ce amanar magatakarda da tafinta da mai kwafar littafi. Kada a raina ta, domin ƙasa ta kan salwanta ta wannan ƙofa.

A 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo Wurno a madadin kamfanin Ingilishi da ke ciniki a Kwara, ya yi yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru. Kamfanin zai riƙa ba da kaya na kimanin buhu 3,000 na wuri ko wace shekara. A ganin Sakkwato, baƙi ne 'yan kasuwa suka nemi aminci aka ba su, abin da su ke kawowa kuwa gaisuwa ce irin ta masu amana. Amma takardar Turanci cewa ta yi Sarkin Musulmi ya ba kamfanin iko da ƙasar da ke gaɓar Binuwai da sauran kogunan. Da irin waɗannan takardu Ingila ta kafa hujja gaban Faransa, har a 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, suka ce kudu ta Ingila, arewa ta Faransa. An yi ta gyara layin nan daga baya, amma shi ne mafarin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Illela da Ƙonni. Kun ji abin da saɓanin takarda biyu ya haifar.

Ta ɗaya gefen kuma, alƙalami mai amana ne ya tsare mana tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta juya waƙoƙin wa'azi daga Fulatanci zuwa Hausa, ta koya wa jajis ɗinta, su kuma suka kai wa matan ƙauyuka. Gidan Waziri ya ajiye takardun daular, ɗa ya gāda daga uba, har suka zo hannun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Daga taskarsa masana na gida da na waje suka sha, ba don ita ba da yawancin abin da mu ke faɗa a nan ya ɓace.

RANAR DA AMANA TA RABU BIYU

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ran 15 ga Maris 1903. Sojan Gwamna Lugga, bayan sun ci Kano, suka gamu da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Bindiga mai ruwa ta rinjayi mashi da takobi, kafin rana ta take an watse.

Sarkin Musulmi Attahiru ya ga ba ya halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba. Ya nufi gabas, ya kira jama'a zuwa hijira kamar yadda kakan ubansa Shehu ya yi. Dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Turawa suka bi sawunsu har Burmi ta ƙasar Gwambe, inda aka kashe shi ran 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa ke amsa sunan Mai Wurno har yanzu.

Waziri Buhari kuwa ya tsaya a Marnona ya yi shawara da malamai. Suka duba tsofaffi da mata da yara waɗanda ba su iya tafiya, suka duba masallatai da makarantu da Hubbaren Shehu, suka ce in kowa ya tafi, wa za a bar wa waɗannan? Suka yanke cewa a koma a zauna da Turawa kan al'amuran duniya, muddin ba su hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Waziri ya komo birni, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba Sarkin Musulmi ran 21 ga Maris, Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a ba zai sa hannu cikin addini ba. Abin bai kwanta wa Waziri a rai da sauƙi ba, har ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana dalilinsa da irin tsoron Allah da ya kama shi.

Wanda ya tafi ya riƙe amanar tuta da mubaya'a, ya ba da ransa. Wanda ya zauna ya riƙe amanar raunana da ta gari, ya ɗauki zargin mutane. Mai hankali ba ya gaggawar kiran ɗayansu maci amana. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, don kansa ya yi ko don abin da aka damƙa masa? Da wannan ma'auni a ke rarrabe su da wanda ya sayad da jama'arsa don riga da rawani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Zamani ya juya. En'e ta wuce, ƙananan hukumomi suka maye gurbinta a 1976, amma kalmar ba ta tsufa ba. Dokar ƙasa ta 1978 cewa ta yi ƙasar ko wace jiha tana hannun Gwamna ne a matsayin amana don amfanin jama'a, ba mallakarsa ba ce. Wannan magana ta shafi wurare irin su Arkilla ƙwarai, waɗanda a da ƙauyuka ne a bayan gari, yanzu birni ya haɗiye su, gonaki sun zama filaye masu tsada. Gonar marayu da ke hannun baffansu, da filin da aka bar wa maƙwabci jira, da takardar da aka sa wa hannu a gaban shaidu, duk amana ce, kuma kuɗi ne ke gwada ta.

Ku kuma da Allah ya buɗe muku ido kuka iya karatu da rubutu, ku sani an ɗora muku wani kaya da ba ku da shi a da. Tsohuwa za ta miƙo muku wasiƙa ko wayarta ta ce ku karanta mata saƙon ɗanta. Za a kira ku shaidar cinikin fili, a ba ku littafin adashi, a ce ku aika wa wani kuɗi ta waya. Mai ba ku ba ya iya duba abin da kuka yi, ya saki jiki ne kawai. Ku karanta abin da ke rubuce, ba abin da zai yi muku daɗi ba. Kada ku sa hannu kan abin da ba ku gane ba, kada kuwa ku bari a sa wani ya dangwala yatsa kan abin da ba a fassara masa daidai ba. Asirin da kuka gani cikin takardar wani, ku bar shi inda kuka gan shi.

In kuwa wata rana amana biyu suka yi karo a hannunku, ta ubangida da ta talaka, ko ta dangi da ta maraya, to, ku yi yadda magabata suka yi. Ku tsaya ku yi shawara da masana, ku fid da son zuciya daga ciki, ku dubi wanda ya fi rauni, sa'an nan ku faɗi dalilinku a fili yadda kowa zai ji. Ba a ba kura ajiyar nama, duk wanda aka ba ajiya an ɗauke shi mutum ne. Allah ya ba mu ikon mayad da ko wace amana ga mai ita, amin.